Zazzaɓi da tari sun kama ni, oga ya ce in kawo takardar gwajin korona

*"Assalamu alaikum Likita. Ni ƙaramin ma'aikaci ne a ofishin jarrabawa na wata jami'a a nan Jigawa, amma a ƙauyenmu nake zaune, kullum mota nake hawa in je in dawo. Ranar Laraba abokin aikina da muke ɗaki ɗaya ya dawo daga tafiya yana ta tari. Ranar Asabar ni ma na tashi da zazzaɓi da ciwon maƙogwaro da ciwon jiki, yanzu kuma tari ya biyo baya. Na je kemis an yi mini allurai, an ce maleriya ce da taifod, amma ban ji daidai ba. Na buga wa ogana waya, ya ce ko dai in zo aiki tunda muna tsakiyar haɗa sakamako, ko in kawo takardar gwajin korona. A asibitin garinmu sun ce ba sa yi. Ga shi mahaifiyata a gidana take, ta haura saba'in, kuma tana da ciwon suga. Wai har yanzu akwai korona? Ina zan yi gwajin? Kuma kwana nawa zan zauna a gida ba tare da na jawo wa kaina matsala a wurin aiki ba?"*

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba ka lafiya, ya ƙara wa Inna nisan kwana.

Idan na fahimce ka, abubuwa uku ne suka taru maka: jiki ba daɗi kuma ba ka san sunan ciwon ba, ofis na neman takardar da ba a samun ta a kusa da kai, sannan ga tsohuwa mai ciwon suga a cikin gida. Na ga alamar takardar ce ta fi tsaya maka a rai. Ni kuwa Inna ce ta fi tsaya mini, kuma za ka ga dalili. Sai dai ka riƙe wannan tun yanzu: ban gan ka ba, ban saurari ƙirjinka ba. Amsar da aka bayar daga nesa tana nuna hanya ce kawai, ba ta ɗauke maka zuwa asibiti.

Korona ba ta tafi ba

Ranar 5 ga Mayu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar cewa korona ta daina zama matsalar gaggawa ta duniya baki ɗaya. Mutanenmu da yawa sun ji sanarwar tamkar an ce an yi wa cutar sutura. Abin da aka janye shi ne dokar ta-ɓacin. Ƙwayar cutar tana nan tana yawo, tana sauya kama. Bambancin yau da 2020 shi ne yawancin jama'a jikinsu ya riga ya san ta, wasu ta rigakafi, wasu ta kamuwa ba tare da ma sun sani ba. Tun daga Nuwamban 2021 da nau'in Omicron ya ɓulla, shi da 'ya'yansa ne ke gari, kuma a jikin matashi mai lafiya sun fi zuwa da kamannin mura: ciwon maƙogwaro, majina, ciwon kai, kasala, tari. Ɗaukewar jin wari da ɗanɗano da aka san korona da shi a farko yanzu ya ragu sosai, don haka kada ka ce tunda kana jin ƙamshin miya to ba ita ba ce.

Wa ta fi kayarwa? Wannan bai canza ba. Duk wanda ya zauna a Kano a watan Afrilun 2020 ya tuna yadda maƙabartu suka cika. Daga baya ministan lafiya na lokacin, Dokta Osagie Ehanire, ya ce an ƙirga mutuwar mutum 979 a ƙananan hukumomi takwas na cikin birni, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na iya kasancewa da hannun korona a ciki. Akasarinsu dattawa ne, da yawa kuma masu hawan jini ko ciwon suga. Wato irin su Inna.

Abin da ke damunka zai iya zama ita, zai iya zama wani abu

Labarinka ya yi kama da ita. Abokin aikinka ya zo da tari ranar Laraba, kai ka kwanta ranar Asabar, kwana uku ke nan, kuma haka Omicron ya saba yi. Nau'in farko yakan ɗauki wajen kwana biyar kafin alamomi su bayyana, wani lokaci har 14. Amma mura mai zafi ma haka take yi, balle a hunturu da hazo ke busar da hanci da maƙogwaro, mutane kuma suna rufe tagogi su cunkushe. Babu likitan da zai raba korona da mura da ido kawai.

Sai maganar maleriya da taifod. A shekarun da na yi ina duba marasa lafiya, a asibitin jami'a da na karkara, ban san adadin mutanen da suka zo mini da wannan tagwayen suna ba. Kusan duk zazzaɓin da ya shiga kemis da shi yake fitowa. Tambayar da nake yi ita ce: an soki yatsanka an gwada? Idan ba a gwada ba, zato aka yi maka. Gwajin maleriya na tsinke minti 15 zuwa 20 ne, ana yin sa har a ƙaramin asibitin mazaɓa, kuma lallai ka yi shi, domin maleriya tana kisa da sauri kuma tana da magani tabbatacce. Kada ka ce ai damina ta wuce. Wanda ke kusa da fadama ko wurin noman rani, irin su kwarin Haɗejiya da Kadawa, sauro ba ya yi masa hutu. Amma ko gwajin ya nuna akwai ta, maleriya ba ta cika kawo ciwon maƙogwaro da majina ba. Mutum na iya ɗaukar biyun a lokaci guda, kuma na sha gani. Shi kuwa taifod, gwajin Widal da ake dogara da shi yana yawan nuna akwai a jikin mutanen da lafiyarsu ƙalau, musamman a inda cutar ta zama ruwan dare. Widal guda ɗaya bai isa a ɗora wa mutum allurai ba.

Akwai wasu cututtuka biyu da ba na son sunan korona ya rufe mana ido a kansu, saboda a yankinmu suke. Na farko mashaƙo, wanda ya yi ɓarna a Kano daga ƙarshen 2022 zuwa 2023: ciwon maƙogwaro mai tsanani, wuya ya kumbura, wani farin yaɓi mai ruwan toka ya manne a can ciki, haɗiya ta gagara. Na biyu sanƙarau, wanda Jigawa ta san shi a rani: zazzaɓi da matsanancin ciwon kai, wuya ya sage, haske ya dami ido. Duk wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan, a jikinsa ko a jikin yaro, ba ya kwana a gida.

Gwajin da kansa

Iri biyu ne ake amfani da su, kuma duka da tsinken auduga ake ɗauko samfuri daga hanci ko maƙogwaro. Na PCR yana neman ƙwayar halittar cutar, ya ninka ta a na'ura har ta bayyana. Ya fi kowanne gani, amma sai a babban ɗakin gwaje-gwaje, kuma sakamako na iya kai kwana ɗaya ko fiye. Ƙarfin ganin nasa ma yana da illa, domin yakan ci gaba da nuna akwai cuta makonni bayan mutum ya warke, wani har wata uku, saboda yana tsinto ɓurɓushin ƙwayar da ta riga ta mutu. Shi ya sa ba a cewa ma'aikaci sai PCR ɗinsa ya fita fes kafin ya koma aiki. Wanda ya kafa wannan sharaɗi zai iya zaunar da lafiyayyen mutum wata biyu a gida a banza.

Na biyun shi ne na gaggawa, mai kama da na maleriya, minti 15 zuwa 30. Idan layi biyu suka fito, ko da na biyun dishi-dishi ne, kuma kana da alamomi, to ka ɗauka ita ce. Idan layi ɗaya ya fito, tsugune ba ta ƙare ba, domin a ranar farko ko ta biyu ƙwayar ba ta cika taruwa a hanci yadda zai gan ta ba. Sai a sake bayan awa 48. Ka duba ranar ƙarewar aikinsa a jikin kwali. Ka kuma tuna an yi shi ne a ajiye a wurin da zafi bai wuce digiri 30 ba, kai kuwa ka san yadda shagon kwano yake a watan Afrilu a Jigawa. Wanda ya yi bazara a irin wannan shago ba abin dogaro ba ne. Idan kuma wani ya ce zai ɗebi jininka ya gwada maka korona, wannan gwajin garkuwar jiki ne, yana nuna ka taɓa haɗuwa da cutar ko ka yi rigakafi, ba ya faɗin abin da ke damunka yau.

Ina ake samu? Gaskiya abin ya ja baya. A 2020 da 2021 ana ɗibar samfuri daga ƙananan hukumomi a kai manyan ɗakunan gwaji, irin na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Da aka janye dokar ta-ɓaci, kuɗi da kayan aikin suka koma wasu wurare, don haka ban yi mamakin amsar da aka ba ka a garinku ba. Ka fara da asibitin jami'arku, ta waya. Idan suna da na gaggawa, shi ke nan. Idan babu, su suka san jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma, wanda ma'aikatan lafiya ke kira DSNO. Kowace ƙaramar hukuma tana da shi, kuma shi ya san inda ake kai samfuri. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Nijeriya, NCDC, ma tana da lambar kira kyauta, 6232.

Abin da ba zan ba ka shawara ba shi ne ka shiga motar haya da zazzaɓi, ku huɗu a baya biyu a gaba, gilashi a rufe saboda sanyi, ka yi awa biyu ko uku zuwa Kano neman takarda. Kafin ka isa ka raba wa mutum biyar abin da kake ɗauke da shi, ka kashe kuɗin cefanen mako, ka dawo jiki ya ƙara yin laushi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ga mutum irinka, mai sauran ƙarfi kuma numfashinsa lafiya, sakamakon ba zai sauya abin da za a yi maka ba. Ko korona ce ko mura mai zafi, hutu ne da ruwa da nisantar mutane. Wanda gwaji ke da matuƙar amfani a kansa shi ne tsoho, mai ciwon suga, mai ciwon zuciya ko ƙoda, mai asma, mai sikila, mace mai ciki, domin su sanin sunan cutar da wuri yana sauya irin kulawar da za a ba su. Da tsinken gwaji ɗaya ne tak a gidanka, da na ce ka adana wa Inna.

Kwana nawa?

Ranar da alamomi suka fara ita ce sifili, ba a ƙirga ta. Kai Asabar ce taka, don haka Lahadi ce rana ta 1, Alhamis ta 5, Talatar mako mai zuwa ta 10. A Janairun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai alamomi ya killace kansa kwana 10, wanda gwaji ya nuna yana da ita amma ba ya jin komai kwana 5, kuma ana iya sallamar mutum kafin nan idan gwajin gaggawa ya nuna babu. A Maris 2024 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta sassauta nata: idan zazzaɓi ya sauka na awa 24 ba tare da magani ba, kuma jiki na samun sauƙi, mutum ya koma harkokinsa, amma ya yi taka-tsantsan na ƙarin kwana biyar.

Ni ga yadda nake haɗa su ga ma'aikatan da nake dubawa. Kwana biyar na farko a gida, babu ciniki, domin a lokacin ne mutum ya fi yaɗa ta. Bayan nan, idan ka yi kwana ɗaya cur babu zazzaɓi ba tare da ka sha farasitamol ba, kuma tarin ya lafa, ka koma aiki da takunkumi a fuska har rana ta 10, a mota da ofis duka. Ka lura da maganar farasitamol ɗin, a nan mutane ke yaudarar kansu: a sha biyu da asuba, jiki ya yi sanyi, a ce an warke, azahar na yi zazzaɓi ya dawo a kan kujerar ofis. Idan rana ta biyar ta zo har yanzu jikinka da zafi, sai ka je a duba ka da kyau, kada ka tsaya ƙirga kwanaki.

Inna

Tsakaninka da ita kwana 10 ne cif, ko ka koma aiki ko ba ka koma ba. Na san nauyin wannan magana. Ɗa ya kwana gida ɗaya da mahaifiyarsa bai shiga ɗakinta ya durƙusa ya gaishe ta ba, abin da ciwo, kuma ita ma za ta ce me ya yi zafi. Ka yi mata bayani da kanka, ka gaishe ta daga tsakar gida da 'yar tazara. A nan gidan ƙauye ya fi na birni sa'a, domin wannan cuta iska take bi, kuma a ɗaki rufaffe take taruwa. A fili, ƙarƙashin bishiya ko rumfa, iskar Allah na kwashe ta. Ka koma zaure ko shago ka kwana kai kaɗai, taga a buɗe ko da kaɗan. Idan sanyi ya dame ka ka ƙara bargo. Kada ka shiga da kaskon gawayi ka rufe ƙofa, hayaƙinsa marar wari yana kashe mutum cikin barci, kuma duk hunturu sai an kawo mana irin wannan. A ware maka moɗa da kwano da buta, kuma wadda ke kawo maka abinci, in da hali, kada ta zama ita ce ke yi wa Inna hidima.

Sai dai mu faɗa wa kanmu gaskiya, mai yiwuwa ta riga ta shaƙa, domin mutum na fara yaɗa cutar kwana ɗaya ko biyu kafin ya ji komai. Don haka a sa mata ido na mako biyu, musamman makon farko. Tsoho ba lallai ya yi zazzaɓi ba. Abin da za ku gani shi ne ta ƙi abinci, ta yi ta barci da rana, ta rikice a magana ko lissafin raka'a, ko ta faɗi a hanyar banɗaki. Mu kuma mun saba mu ce tsufa ne. Duk wata cuta tana tayar da suga, don haka idan kuna da na'urar awo a riƙa aunawa safe da yamma, ta ci gaba da shan maganinta da isasshen ruwa. Idan ta fara amai ko ta daina cin abinci, kada ku yanke hukuncin ƙara magani ko dainawa da kanku, ku kai ta asibiti a ranar. Akwai maganin korona na haɗiya da ake ba masu rauni a cikin kwana biyar na farko, amma ba kayan kemis ɗin ƙauye ba ne, kuma yana karo da wasu magunguna, sai likita. Idan ta wuce wannan lafiya, ku tambaya a asibitin mazaɓarku ko akwai rigakafi a hannu. An fara kawo shi Nijeriya tun 2 ga Maris 2021, amma ƙarfinsa na raguwa da lokaci, kuma tsofaffi ne aka fi so su sabunta.

Masu dubiya fa? Za su zo, kuma ba a korar mai zumunci. Ka sa a shimfiɗa musu tabarma a waje, ka amsa gaisuwa daga nesa ba musabaha, dattawan cikinsu kuma a roƙe su su yi addu'a daga gida. Maganar jam'i da Juma'a ta malamai ce, ka tambayi limaminku. Ni dai abin da na sani tun muna makarantar allo shi ne an hana wanda ya ci ɗanyar tafarnuwa shiga sahu don kada ya cutar da mutane da wari, kuma sahun asuba a ƙauye dattawa ne suka fi cika shi.

Takardar da ofis ke buƙata

Ban ga laifin oganka sosai ba. Daga 1 ga Disamba 2021 gwamnatin tarayya ta ce ma'aikatanta su nuna shaidar rigakafi ko sakamakon PCR na cikin awa 72 kafin su shiga ofis, kuma tun lokacin wasu suka saba cewa maganar korona maganar takardar gwaji ce. Ga shi kuma yana da sakamakon ɗalibai a wuyansa. Amma takardar da ke kare ma'aikaci ita ce ta hutun jinya, wadda likita ke sa wa hannu cewa wane ba zai iya aiki ba daga rana kaza zuwa rana kaza. Wannan ba ta buƙatar gwajin korona. Zazzaɓi da tari sun isa likita ya rubuta ta. Ba dole ba ne ma a rubuta sunan ciwon a kanta, domin Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ce bayanin lafiyar mutum sirri ne.

Sashe na 16 na Dokar Ƙwadago ya ba ma'aikaci har kwana 12 na aiki a shekara na jinya da albashinsa, idan likita mai rajista ya tabbatar. Jami'o'i kuma kowace tana da littafin sharuɗɗan aikinta, kuma shi ke hukunci a kanka. Ka nemi wakilin ƙungiyarku, NASU ko SSANU, ya nuna maka shafin. Abin da na saba gani shi ne idan a asibitin gwamnati na waje aka ba ka takarda, sai an kai ta asibitin jami'a daraktan lafiya ya amince da ita kafin ta wuce wurin rajistara. To ka yi haka: yau ka tura wa oga saƙo a rubuce, ko ta WhatsApp ne, ka faɗi ranar da ciwo ya fara da cewa za ka aiko da takardar likita. Waya ana mantawa da ita, rubutu kuwa yana nan ranar da aka zo maganar takardar tuhuma. Gobe ka je asibitin gwamnati mafi kusa inda akwai likita, da takunkuminka, a kan babur in zai yiwu, a gwada maleriya, a saurari ƙirji, a ba ka takarda. Ka ɗauki hotonta ka tura, ainihin kuma wani ya kai maka.

Idan ya matsa, ka yi masa lissafi cikin ladabi. Ku nawa ne a ɗakin nan? Rashin mutum ɗaya na kwana biyar aiki zai ɗan yi jinkiri. Mutum huɗu su kwanta a mako ɗaya kuwa, ofis ya tsaya. Abokan aikinka da ba su ji komai ba ba sai sun zauna a gida ba. Su buɗe tagogi, su sa takunkumi na kwana 10, wanda ya ji alama ya yi abin da ka yi. Kada kuma a mai da wanda ya zo da tarin abin zargi, domin da zarar ciwo ya zama abin kunya, ɓoye shi za a riƙa yi.

Bari in ɗan fita daga tambayarka. Kai ma'aikaci ne mai lamba a fayil, kana da wannan kariya. Masu shara da masu gadi da leburorin da ɗan kwangila ke biya fa, waɗanda yawancinsu daga ƙauyukan da ke kewaye da jami'a suke zuwa, ranar da ba su zo ba babu kuɗinta. Su ne ke shiga kowane ofis da safe, kuma su ne ba za su taɓa cewa ba su da lafiya ba. Duk wata sanarwar lafiya da aka liƙa a allo da Turanci, ba a ce komai a kan kuɗin waɗannan bayin Allah ba, a ganina rabin aiki aka yi.

Magani, da lokacin da ba a jira

Farasitamol don zazzaɓi da ciwon jiki, ruwa da yawa, kunu, romo, barci. Shayin citta da kanumfari da zuma da lemun tsami yana sanyaya maƙogwaro, ban hana ba. Zumar dai ban da jariri ɗan ƙasa da shekara, mai suga kuma da lissafi. Sirace na buɗe hanci amma ba ya kashe ƙwayar cuta, a kuma kula da yara kusa da tafasasshen ruwa. Antibayotik bakteriya yake kashewa, korona kuwa bairos ce, don haka kafso da alluran da ake jerawa ba su taɓa ta. Likita ne zai ga ko wata cuta ta hau kai da ke buƙatarsu. Kulorokwin an gwada shi a manyan bincike, bai yi amfani ba. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne dezametason. Binciken da aka yi a Birtaniya a Yunin 2020 ya nuna yana rage mutuwa da kusan kashi ɗaya cikin uku ga waɗanda na'ura ke yi wa numfashi, da ɗaya cikin biyar ga masu shan oksijin, amma bai amfani wanda numfashinsa ke lafiya ba. Labarin ya iso kemis, sharaɗin bai iso ba. Yana tayar da suga sosai, don haka kada kowa ya ba Inna shi a gida.

Korona takan yi lamɓo. Mutum ya ji kamar ya samu sauƙi, sai tsakanin rana ta 5 da ta 10 huhu ya rikice. Akwai wani dattijo mai gadi da ya taɓa zuwar mini da ƙafarsa, yana ta ba ni haƙuri wai ya dame ni a kan gajiya kawai. Da na maƙala masa na'urar auna oksijin a yatsa, sai da na sake a ɗaya hannun don ban yarda da abin da na gani ba. A ranar aka kwantar da shi, kuma ya tashi, amma da ya bari sai gobe da labarin ya sha bamban. Don haka ba a jiran sai mutum ya ce yana jin shaƙewa. Ka ƙirga numfashi na minti ɗaya yana zaune. Idan ya kai 30, ko ba ya iya ƙarasa magana sai ya tsaya ya ja iska, ko zuwa banɗaki na sa shi haki, ko ƙirji na ciwo, ko ya rikice, ko harshe da cikin leɓe sun yi duhu ko toka-toka, a nemi mota ko tsakar dare ne, a nufi babban asibitin da ke da oksijin. Idan kuna da 'yar na'urar yatsan nan, 94 zuwa ƙasa a nemi likita, ƙasa da 90 gaggawa ce. Amma ka sani a kan baƙar fata takan nuna lamba sama da gaskiya, baƙin lalle da fentin farce da sanyin yatsa kuma suna rikita ta. Idan lamba ta yi kyau amma mutum na haki, mutumin za ka bi.

Bayan ka warke, gajiya da ɗan tari na iya bin ka makonni, don haka kada ka fita daga jinya ka faɗa aikin gona mai nauyi a ranar. Idan wata uku suka wuce har yanzu haki ko kasala ko mantuwa na hana ka aiki, ka koma a duba ka, akwai masu fama da haka bayan korona. Tarin kuwa, idan ya kai mako biyu bai tsaya ba, balle da zufar dare ko rama ko jini a kaki, ka bar maganar korona ka kai kakinka a gwada tarin fuka. Gwajin da maganin duk kyauta ne a cibiyoyin gwamnati.